WACE MAKARANTAR LIKITA ZA MU ZAƁA WA 'YA'YANMU?

Daga wani Jami'in Ilmi, Funtua

Kwanakin baya ina zaune a ofis ina duba takardun makarantu, sai na ji sallamar wani dattijo. Da na ɗaga kai sai na ga ashe tsohon malamina ne, wanda ya koya mini lissafi a firamare, a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi. Na tashi na ba shi kujera, muka gaisa. Sa'an nan ya sa hannu aljihu ya zaro wata takarda, ya miƙo mini. Sakamakon jarrabawar 'yar autarsa ne, kuma lalle yarinyar ta yi ƙoƙari ƙwarai.

Ya ce, "Ɗana, autata ce, ta ce ita dai aikin likita ta ke so. Yayyenta sun ce a nema mata jami'ar da ta fi kowace suna, ko a Ikko ne ko a ƙasar waje, in ta kama a sayar da gona a sayar. Ni kuwa abin da ke raina dabam ne. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, yarana da yawa sun yi nisa cikin karatu, amma har yau in ciwo ya kama mutum da dare a garinmu, sai an nemi babur. So na ke in ta gama ta dawo. Ina za mu kai ta?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan tambaya ta fi ƙarfin amsar tsaye. A ba ni kwanaki."

Da na zauna na yi tunani, sai na ga amsar ba ta shi kaɗai ba ce. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi su ne iyaye su kan nufa da irin wannan shawara. Don haka na ga ya kyautu in rubuta abin da na faɗa masa a wannan jarida, ko Allah ya sa wani ya amfana.

HALIN DA ƘASARMU TA KE CIKI

Kowa ya san kudancin Katsina ƙasar noma ce. Ƙananan hukumomi 11 ne a shiyyar nan, tun daga Sabuwa da Ɗandume har Musawa da Matazu, mafi yawan jama'armu kuwa a ƙauyuka su ke, suna noman masara da dawa da auduga da waken suya. Auduga ce ta ɗaukaka Funtua tun sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta cikin shekarun 1920, daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Amma ko da ya ke dukiyar daga gona ta ke fitowa, likita a cikin gari ya ke. Manomin da ke bayan Faskari ko Ƙafur, in matarsa ta kwana tana naƙuda, tafiya ce mai nisa a gabansa, da damina kuwa wani rafin ba ya ƙetaruwa.

Cututtukanmu kuma kowace da lokacinta. In damina ta yi nisa, zazzaɓin cizon sauro ya kan kwantar da yara, daidai sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, tamowa ta sami ƙofa. A lokacin ne kuma rijiyoyi su kan gurɓace, amai da gudawa su ɓarke. Da rani da bazara, ƙura da zafi su kawo sanƙarau da ƙyanda. Yaran da ke wanka a kududdufai da madatsun ruwa su kamu da tsargiya, watau fitsarin jini. Mata kuwa ga doguwar naƙuda, ga zubar jini, ga jijjiga.

Mai karatu, ka lura da abu ɗaya. Mafi yawan waɗannan cututtuka ba manyan na'urori su ke bukata ba. Abin da su ke bukata shi ne mutum masani a kusa, wanda zai gane ciwo tun da wuri, ya ba da magani, ya kuma san ranar da ya kamata ya ce a ɗauki majiyyaci a kai shi babban asibiti ba da jinkiri ba. Wannan shi a ke kira kiwon lafiya a matakin farko. A kansa ne ƙasashen duniya suka yi babban taro a birnin Alma-Ata cikin 1978, kuma shi ne marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya sa a gaba sa'ad da ya ke Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Tun daga zamaninsa aka ɗora wa ƙananan hukumomi babban kaso na wannan aiki. Ashe maganar ta shafi kowane akawu na sakatariya, ba iyayen yara kaɗai ba.

ABIN DA MALUMFASHI TA TAƁA ZAMA

Yaran yanzu ba su sani ba, amma dattawa suna tune, cewa ƙasar nan ta taɓa zama makarantar likitoci. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, aka buɗe sashen koyon aikin likita cikin 1967. Asibitocin da jami'ar ta riƙe don koyarwa uku ne: na Tudun Wadar Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi. Na Malumfashi shi ne na karkara, inda mai koyon aiki zai ga manomi da ciwonsa kamar yadda ya taso daga gona. Daga baya, cikin 2005, babban asibitin koyarwa ya tare a mazauninsa na Shika. Asibitin Malumfashi kuwa yau yana hannun Gwamnatin Jihar Katsina.

Cikin shekarun 1970 aka yi wani babban bincike a ƙasar Malumfashi, tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila. Masu binciken suka bi ƙauyuka suna ƙidayar mutane, suna rubuta haihuwa da mutuwa, suna auna jini da fitsari. Suka nazarci tsargiya a wajen madatsar Ruwan Sanyi, da zazzaɓin cizon sauro, har da kumurci mai tofa dafi a ido. Abin da suka samu aka buga shi kashi kashi a mujallun likitoci na duniya, da sunan Malumfashi a kansa. Watau likitan da ke Landan ya karanta labarin cututtukan ƙauyukanmu, alhali yaronmu da ke koyon likita yau, mai yiwuwa ne bai taɓa jin an yi wannan aiki a garinsu ba.

Bari in ba da misali biyu na irin ilmin da ba ya samuwa sai an zauna da mutane. A zamanin nan ne likitocin Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, suka lura mata masu jego da yawa suna zuwa da kumburin jiki da haki, zuciya ta gaza. Da suka bi diddigi sai suka danganta abin da wankan jego da ruwa mai zafi ƙwarai, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa, domin gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai waɗansu dalilai kuma, kamar rama da hawan jini na masu ciki. To, likitan da bai san mene ne wankan jego ba, yaya zai yi ya tambayi mai jego, balle ya yi wa kakar jariri bayani ta yarda?

Na biyu, Farfesa Kelsey Harrison ya bi labarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon cikin 1985. Ya tarar matan da ba su je awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, waɗanda suka yi makaranta kuwa sun fi tsira su da 'ya'yansu. Malamai 'yan'uwana, kun ji inda allonmu ya haɗu da asibiti.

ABIN DA AKA GANO A WAƊANSU ƘASASHE

Ba mu kaɗai ne likitoci ke guje wa ƙauye ba, kukan duniya ne duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara abin da aka jarraba a ƙasashe dabam dabam, ta fitar da shawarwari cikin 2010, ta sabunta su cikin 2021. Game da makarantu, manyan shawarwarin huɗu ne: a riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara, a kafa makarantu a wajen manyan birane, a riƙa kai ɗalibai ƙauye su yi aiki tun suna karatu, a kuma sa cututtukan karkara cikin abin da a ke koyarwa. Dalili kuwa shi ne an tabbatar wanda ya tashi a ƙauye, aka kuma horar da shi a ƙauye, ya fi zama a can bayan ya gama. Ice tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

A Japan, cikin 1972, lardunan ƙasar suka haɗa kai suka kafa Jami'ar Jichi. Kowane lardi ya kan aika da ɗalibai biyu ko uku a shekara, su yi karatu ba su biya ba, bisa sharaɗin su koma lardinsu su yi aiki shekara 9, wajen rabinta a ƙauyuka da tsibirai. Wanda ya cika sharaɗi an yafe masa kuɗin. A Sudan kuma, a ƙasar Jazira, wadda ita ma ƙasar auduga ce kamar tamu, an kafa jami'a a Wad Madani cikin 1975, makarantar likitancinta ta yi suna wajen tura ɗalibai su zauna a ƙauyukan manoma, ko da ya ke yaƙin da ya ɓarke a ƙasar cikin 2023 ya taɓa garin ƙwarai.

A nan gida ma an daɗe da farawa. Jami'ar Badun ta buɗe wurin koyarwa a Igbo-Ora, ƙasar Ibarapa, cikin 1963, ƙarƙashin Farfesa Ogunlesi, ɗalibanta su kan je su yi makonni a can. Farfesa Parry da na ambata, da ya bar Zariya cikin 1977, shi ya zama shugaban farko na makarantar likita ta Jami'ar Ilori, inda aka tsara tura ɗalibai ƙungiya ƙungiya su zauna cikin ƙauyuka tun shekarun farko na karatu, su ƙidaya gidaje, su duba rijiyoyi da masai, su rubuta abin da ke damun mutane. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar lafiya a Yakawada, ƙasar Giwa, maƙwabtanmu, Jami'ar Bayero kuma tana kai nata ɗaliban Kumbotso.

TAMBAYOYI BIYAR KAFIN A CIKA TAKARDA

Matambayi ba ya ɓata. Ga abin da na ce wa malamina ya tambaya game da kowace makaranta, ko ta Tarayya ce ko ta jiha, tsohuwa ko sabuwa.

Ta fari, shin Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta amince da makarantar, kuma ɗalibai nawa ta yarje mata ta ɗauka a shekara? Wannan ita ce uwar tambayoyi. Majalisar ce ke ba likita lasin aiki, kuma ta ƙayyade wa kowace makaranta adadi gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Makarantar da ba ta sami amincewa ba, ko ta ɗebi ɗalibai fiye da ƙima, yaro ya iya shekara da shekaru a cikinta yana jira. Majalisar tana fitar da sunayen makarantun da ta amince da su, kowa ya iya dubawa a intanet.

Ta biyu, wane ƙauye ta ke kai ɗalibanta, kuma mako nawa su ke yi? A nemi sunan wurin. Kowace makaranta za ta ce tana koyar da lafiyar al'umma, domin dole ne. Amma akwai bambanci tsakanin a kwashi ɗalibai a mota da safe a komo da su da la'asar, da a ce sun kwana a can sun sha ruwan rijiyar da mutane ke sha.

Ta uku, a wace shekara a ke fara kai su? Karatun likita shekara 6 ne, sa'an nan shekara ɗaya ta horo a asibiti, da ɗaya ta hidimar ƙasa. In sai a shekarar ƙarshe a ke nuna wa ɗalibi ƙauye, ya riga ya ƙulla zuciyarsa a kan babban asibiti.

Ta huɗu, wa ke tare da su a can? Ɗalibin da aka jefa ƙauye ba malami, ba magani, ba wurin kwana na kirki, abin da zai koya shi ne ƙin ƙauye. A tambaya ko akwai likita mazauni a cibiyar, da ungozoma, da ɗakin gwajin jini.

Ta biyar, ina tsofaffin ɗalibanta su ke aiki? Wannan ba a ofis a ke samun amsarta ba. A je asibitin Funtua ko na Malumfashi ko na Ƙanƙara, a gai da likitocin da ke wurin, a tambaye su inda suka yi karatu da yadda aka horar da su. Gani ya kori ji.

DON ME MAKARANTAR GWAMNATI?

Dalilin farko kuɗi ne. Jami'o'i masu zaman kansu suna karɓar miliyoyin naira kowace shekara a kan karatun likita. Uban da ya sayar da gona ya biya wannan, dole ya sa ido a kan abin da za a mayar masa, ɗan kuma dole ya nemi inda albashi ya fi tsoka, ko birni ko ƙetare. Bashi shi ke fara raba likita da garinsu. Makarantun gwamnati ma sun ƙara kuɗi a 'yan shekarun nan, amma har yanzu da sauƙi in aka gwada, kuma tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba ruwa.

Dalili na biyu, asibitin gwamnati shi ne na talaka. Ɗalibin da ya koyi aiki a can ya saba da irin majiyyacin da zai tarar a gida, mai zuwa a makare, da kuɗi kaɗan a ƙulle a bakin zane, wanda sai da Hausa za a yi masa bayani. Na uku, jami'o'in Tarayya suna keɓe wani kaso na gurabe ga jihohin da ke kewaye da su, da jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Wannan dama ce ga yaranmu, in sun cika sharuɗɗa.

ABIN DA BA ZA A ƁOYE BA

Ba zan yaudari mai karatu ba, hanyar nan da ƙaya. Yajin aikin malaman jami'a ya cinye wajen wata 8 cikin 2022 kaɗai, karatun shekara 6 ya kan zama 7 ko fiye. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Likitocin ƙasar nan da yawa suna tafiya Ingila da Saudiyya, ba kuwa don rashin kishi kaɗai ba, aiki ya yi yawa, lada ya yi kaɗan.

Babbar ƙaya kuwa ita ce rashin tsaro. Ba wanda ya manta da daren da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, kuma garuruwan yammacin shiyyar nan sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. Ba uban da za a ce ya tura 'yarsa inda ransa bai kwanta ba, ba kuwa adalci ba ne a zargi ma'aikacin lafiya da ya ƙi kwana a inda hakimi ma ba ya kwana. Sai dai mu sani, ko likita ya zauna a Funtua ko Malumfashi ko Bakori, in an horar da shi a kan aikin karkara, zai san yadda zai riƙa zagaya ƙananan asibitoci, ya horar da ma'aikatansu, ya tsara yadda za a riƙa turo masa majiyyata da wuri. Wannan ma babban rabo ne.

NAMU AIKIN

Malamai, zaɓen makarantar likita tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ya ke farawa. Yaro yana bukatar sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da fizik da kemistiri da bayoloji, huɗu daga cikinsu kuma, ban da lissafi, su zai rubuta a jarrabawar JAMB. Makarantar ƙauyen da ba ta da malamin kemistiri ta rufe wa yaranta ƙofar likitanci tun ba su sani ba. In mun ga yaro ko yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, mu gaya wa iyaye da wuri, mu taimaka a sama masa makarantar kimiyya. Wanda kuma bai sami gurbin likita ba, kada a ce ya faɗi. Ga Makarantar Ungozoma a nan Malumfashi, ga makarantun koyon aikin lafiya a Kankiya da Daura, waɗanda ɗalibansu su ne ƙashin bayan ƙananan asibitocinmu.

Ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa, ku ne ke rubuta takardun da shugabanni ke sa wa hannu. Abin da lardunan Japan suka yi bai fi ƙarfin ƙananan hukumomi 11 ba in sun haɗa kai: kowace ta ɗauki nauyin ɗa ko 'ya ɗaya ko biyu a shekara, bisa cancanta, da yarjejeniya a rubuce cewa za su dawo su yi aiki shekaru kaza. Amma alkawari kaifi biyu gare shi. In an ce yaro ya dawo, sai a tanadar masa gida da ruwa da wuta da albashi a kan kari. Ya kamata kuma mu roƙi jami'o'in da ke kusa da mu su riƙa turo ɗalibansu asibitocin shiyyar nan, mu kuwa mu ba su masauki, kamar yadda aka yi a Malumfashi a da.

Da malamina ya komo na karanta masa waɗannan tambayoyi biyar, ya sa na rubuta masa su a takarda. Ya ce shi da yarinyar za su fara da Zariya, tun da tafiya ce ta sa'a ɗaya da 'yan kai daga Funtua, su ji da kunnensu, sa'an nan su duba na Katsina da Kano. Ya ce gonar kuwa tana nan, ba za a sayar ba. Na raka shi bakin ƙofa, na ce a gai da gida.

Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.